Jinjina Ga Masu Jin Zance Daga Bakin Banki

Kusan shekara 20 Russell Wasendorf, mai kamfanin Peregrine Financial Group da ke jihar Iowa a Amurka, yana cin dukiyar abokan cinikinsa, takardun banki kuwa na ta nuna komai lafiya lau. Dabararsa ita ce ya kama akwatin gidan waya, ya ce adireshin banki ne. Duk wasiƙar da masu bincike suka aika don a tabbatar musu da abin da ke cikin asusu, hannunsa take faɗawa, shi ne kuma ke ba da amsa.

A 2012 hukumar NFA, mai sa ido kan dillalai irin Peregrine, ta dage sai an yi tabbatarwar ta intanet, kai tsaye daga banki. Nan take asiri ya tonu: asusun da ake cewa yana da fiye da dala miliyan 200, abin da ke ciki bai wuce kimanin miliyan 5 ba. Kotu ta ɗaure Wasendorf shekara 50.

Ina jinjina wa waɗanda suka yi wannan dagewar, da duk wani odita da ke ƙin karɓar takardar banki daga hannun wanda yake bincika. Ba ƙaramin jan hali ba ne ka ce wa mai biyanka kuɗin aiki, "Bari in tambayi bankin da kaina."

Amma da sauran rina a kaba. Bayan shekara 8, a 2020, kamfanin Wirecard na Jamus ya durƙushe kan yuro biliyan 1.9 da aka ce suna ajiye a bankuna biyu na Filifin. Da aka tambayi bankunan, suka ce takardun jabu ne. Alhali ƙa'idar aikin odita ta ISA 505 ta riga ta ɗora masa nauyin riƙe ragamar wasiƙar tambayar banki tun daga aikawa har dawowar amsa, shi zai binciko adireshi, shi zai tantance wanda ya sa hannu.

Ko amsar ta gaskiya ce, adadin rana ɗaya kawai take faɗa. Kamfani na iya ranto kuɗi ya zuba a ƙarshen shekara, ya kwashe bayan kwana biyu. Don haka a tambayi banki bashin da yake bin kamfanin, da kuɗin da aka jinginar, da asusun da aka rufe cikin shekarar, sannan a bi shige da ficen makonnin da suka biyo baya.