Daga Zangon Lome: Wannan tsibin ƙasar ba kujera ba ne

Jama'a, Satumba ta ƙarato, kuma na san a Agoe-Zongo wasu har sun fara ɗaure kaya don bikin Epe Ekpe na Glidji, kusa da Aneho. Ciniki ne babba. Mutanen Gen, waɗanda kakanninsu suka taso daga wajejen Akkara a ƙarni na 17, sukan taru daga Togo da Gana da Benin sanye da fararen ƙyalle, su jira bokayensu su fito da wani dutse daga kurmi. Launin dutsen ne, a wajensu, ke nuna yadda shekara za ta kasance. Mai farin yadi da mai turare da mai tsire, kowa na samun rabonsa.

Amma zancena na yau kan hanyar ne. Daga Baguida zuwa Agbodrafo har Aneho, a bakin gari ko ƙofar gida, za ka ga wani tsibin yumɓu a ƙarƙashin ɗan rufin kwano ko na kaba, wani ma da idanu na wuri, an zuba masa manja da garin masara, ga gashin kaza manne a jiki. Sunansa Legba. Masu addinin vodu na ɗaukarsa mai gadin ƙofa da mararraba, shi ake fara gaisarwa kafin a kai ga sauran gumakan.

Bara wani yaron shagonmu, sabon zuwa daga Maraɗi, rana ta buge shi, ya ga inuwa, ya jingina ƙunshin kayansa a jikin tsibin ya zauna. Kafin ka ce kwabo an kewaye shi. Da ƙyar wani dattijon Zango mai jin yaren Mina ya ba da haƙuri, kuma ranar ko sefa ɗaya ba mu sayar ba a garin. Ni ban ga laifin yaron ba, mu ne ba mu faɗa masa ba.

Ba wanda ya ce ka rusuna, ko ka ajiye kuɗi, ko ka ci naman yankansu. Wannan imaninmu ya hana, ba wasa a ciki. Sai dai Alƙur'anin da ya hana shirka, shi ne a Suratul An'am, aya ta 108, ya hana zagin abin da wasu ke bauta wa. Mu da aka rushe mana tsohon Zango a 1977 aka kwaso mu nan bayan gari, ai mun san baƙo ba ya sayen rigima da kuɗinsa.

Don haka, Alhaji, kafin mota ta tashi, zaunar da yaranka ka kwatanta musu. Kada a zauna, kada a tofa yawu, kada a kama ruwa kusa da wurin, waya kuma ta zauna a aljihu sai mai wurin ya yarda a ɗauki hoto. In lokacin salla ya yi, a tambayi masallaci, ko a matsa gaba kaɗan a shimfiɗa tabarma.