Adeva da gangar inji

Akwai masu cewa duk mawaƙin da Allah ya hore wa murya, in ya hau kiɗan inji to ya zubar da baiwarsa. Ni dai ban yarda ba, kuma hujjata ita ce faifan farko na Adeva, wanda ya fito a 1989.

Sunanta na yanka Patricia Daniels, 'yar garin Paterson ce a jihar New Jersey ta Amurka, kuma a coci ta koyi waƙa kamar akasarin mawaƙan soul. Shi kuwa kiɗan house a gidajen rawa na baƙaƙen fata a Chicago ya samo asali, ganga ce ta na'ura mai bugu huɗu-huɗu, ba gajiya ba sassautawa. Adeva ta ɗauko Respect, waƙar Otis Redding ta 1965 wadda Aretha Franklin ta yi fice da ita a 1967, ta ɗora a kan wannan ganga, kuma ko kurma ya ji cewa muryar ce ke jan injin. Ba duka faifan ne ya yi mini ba, wasu waƙoƙin sun yi kama da juna. Mutanen Ingila dai sun karɓe shi hannu bibbiyu, har ya kai na 6 a can.

Abin da ya fi burge ni shi ne sunanta da fuskarta ne a bangon faifan. A wannan shekarar ce Black Box na Italiya suka yanko muryar Loleatta Holloway suka haɗa Ride on Time, ta yi mako 6 tana ta ɗaya a Ingila, aka sa wata mai tallan kayan sawa tana motsa baki a bidiyo. Haka aka yi wa Martha Wash a 1990, sai da ta kai ƙara kotu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi ke nan.

Mu ma ai mun san wannan. Tun da fiyano ta mamaye waƙoƙin fina-finan Kano, muryoyin mata nawa muka haddace a shagunan kaset na Agege da Sabo ta Ibadan, amma fuskar 'yar wasa kaɗai muka sani? Da masu zagin fiyano za su raba lokacinsu, su tambayi nawa aka biya yarinyar da ta rera, da na bi bayansu.