Kuɗin Rajista Ba Ya Kawo Ciniki

Shekara biyu na yi a wata ƙungiyar 'yan kasuwa. Muna biyan kuɗin wata, mu sha lemo, mu yi musayar lambar waya, mu watse. Wata rana wani maƙwabcina ya tambaye ni mai haɗa sola, na ce ban san kowa ba. Ashe sana'ar wanda ke zama kusa da ni a taro ke nan. Ciniki ya wuce shi, ta hannuna.

Ƙungiyar BNI, wadda Ivan Misner ya kafa a Amurka a 1985, ta nemi maganin wannan ciwo. Kowane reshe nata mutum ɗaya yake ɗauka daga kowace sana'a, ana haɗuwa mako-mako. Ana horar da sabon mamba yadda zai bayyana sana'arsa a taƙaice, da irin mai sayen da yake nema, da yadda zai haɗa ɗan'uwansa da mai buƙata.

Hikimar a fili take. Wanda ya turo maka mai saye, mutuncinsa ya jinginar. In ka saɓa alkawari, shi zai kwana da kunya, kuma ba zai sake ba.

Iyayenmu na Kantin Kwari sun san haka. Yaron shago yakan daɗe yana koyo kafin maigida ya sallame shi da jari. Mu kuwa mun ɗauki taro, mun bar koyarwa.

Shawarata ga shugabanni, a ware rabin sa'a a kowane zama domin horo, ko da za a rage kuɗin walima da buga kalanda.