"Haƙori Ne": Kalmar Da Ke Cinye Mana 'Ya'ya

A wannan mako ina so mu tsaya a kan wata kalma da babu gidan da bai san ta ba a ƙasar Hausa. Yaro ɗan wata bakwai ya kwana yana gudawa, jikinsa ya yi zafi, hankalin uwa ya tashi, sai kaka ta karɓe shi, ta sa yatsa ta shafa dasashinsa, ta ce, "Haƙori ne, kowane yaro da haka yake girma." Shi ke nan, maigida ya fita nema, uwa ta koma madafa, yaro kuwa ruwan jikinsa na ta tsiyayewa.

Ban ga laifin iyayenmu mata a wajen lura ba, domin abin da suka gani gaskiya ne: yara sun fi yawan gudawa a lokacin da suke fitar da haƙori. Inda gizo ke saƙa shi ne dalilin. Haƙorin farko yakan ɓullo wajen wata shida. A daidai wannan lokaci ne kariyar da jariri ya samo daga jikin mahaifiyarsa take raguwa, a lokacin ne ake fara ba shi kunu da ruwan randa, kuma ba da jimawa ba zai fara rarrafe, duk abin da hannunsa ya kai, daga takalmi har kashin kaji, bakinsa zai nufa da shi. Sannan haƙoran yarinta guda 20 ne, ba sa gama fitowa sai yaro ya doshi shekara uku. Ke nan duk cutar da ta kama shi a tsawon wannan lokaci, in aka buɗe bakinsa za a tarar da haƙorin da za a ɗora wa laifi. Abin da likitocin yara suka tabbatar haƙori na jawowa shi ne dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi, rigima, da ɗan ɗumin jiki. Zazzaɓi mai zafi da gudawa kamar ruwa kuwa ciwo ne, suna da sanadinsu daban.

Wannan fahimta ta haifar da kasuwar "maganin haƙori", kuma mun taɓa ɗanɗana kuɗarta. A ƙarshen 2008 yara suka fara zuwa asibitoci a Zariya da Legas da Ibadan fitsari ya ɗauke musu, ƙodarsu ta daina aiki. Bincike ya gano wani maganin haƙori mai suna My Pikin ne ya gurɓata da sinadari mai guba, dangin wanda ake zubawa a ruwan sanyaya injin mota. Zuwa farkon 2009 hukumomin lafiya sun ƙirga yara 84 da suka rasu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, da yawa daga cikinsu an ɗura musu maganin ne saboda abin da tun farko ba ya bukatar magani.

Abin da ke kashe yaro mai gudawa shi ne ƙarewar ruwan jiki, maganin wannan kuwa yana cikin mafi araha a duniya. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladesh, kwalara ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likitan yara, Dilip Mahalanabis, ya sa 'yan uwan majinyata su riƙa shayar da su ruwan gishiri da sukari, sai mace-mace suka sauko daga kusan kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Wannan haɗi ne ake sayarwa yau a 'yar takarda da sunan ORS. Ana juye ta duka a adadin ruwan da aka rubuta a jikinta, galibi lita ɗaya, wato ledar fiya wata biyu. A riƙa ba yaro da cokali, kaɗan-kaɗan, musamman bayan kowace gudawa. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba. Abin da ya kwana ya wuni a zubar, a haɗa sabo. A haɗa masa da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya, rabin ƙwaya ga wanda bai kai wata shida ba. Kada a janye nono, kada a hana abinci. Shi kuwa Flagyl da mai kemis ke gaggawar miƙowa, yawancin gudawar yara ba ta jin sa, domin ƙwayoyin bairos ne ke kawo ta.

Akwai alamun da in an gan su, zancen jinya a gida ya ƙare: idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, yaro ya kasa kama nono ko yana amayar da duk abin da ya sha, jini a bayan gida, fitsari ya ɗauke, jiki ya saki, ko jijjiga. Faɗawar maɗiga alama ce ta ƙarewar ruwa, ƙullin da ake kwaɓawa a manna a kanta ba ya mayar da ko ɗigo ɗaya. Zazzaɓi kuma, musamman da damina, a kai a yi gwajin cizon sauro a ranar. In jariri bai kai wata biyu ba, ko zafin jiki kaɗai ya isa dalilin tafiya asibiti.

Maganata ta fi karkata ga 'yan uwana magidanta, har da mu da ke tinƙaho da boko. Sau da yawa uwa ta riga kowa gane cewa yaron nan ba lafiya, amma ba ta da izinin fita, ba ta da kuɗin mota, kuma kunya ba za ta bar ta ta musa wa surukarta ba. Kai ne za ka iya lallashin Hajiya cikin ladabi, ka ce, "Ko haƙorin ne, bari dai likita ya gan shi." Ka ba iyalinka izini tun kafin ranar ta zo, ka bar musu kuɗin da ba na cefane ba, ka ajiye ORS da zink a ɗaki. Tun 2022 Nijeriya ta shigar da rigakafin rota, ƙwayar cutar da ke kan gaba wajen jawo wa jarirai gudawa mai tsanani, cikin jerin rigakafin yara na kyauta. Ɗigawa ake yi a baki, a sati 6 da 10 da 14 da haihuwa. In ka koma gida yau, ka karɓi katin rigakafin jaririnka ka duba ko an cike waɗannan gurabe uku.