Na'urar MRI ta gobe: wacce za ta iso gare mu?

Idan likita ya taɓa rubuta wa wani naka hoton MRI, ka san nauyin takardar nan. Ga mutumin Dingaya ko Gwaram, sau da yawa ma'anarta tafiya Kano: kuɗin mota, kuɗin hoto, ga jiran layi. A matsayina na mai harhaɗa magunguna a asibiti, na sha ganin takardar a ninke cikin aljihun mara lafiya har ta tsufa, shi kuwa yana ta dawo mana neman maganin rage zafi.

Tsadar na'urar daga maganaɗisunta take. Yawancin na asibitoci ƙarfinsu tesla 1.5 ne ko 3, kuma sai an sanyaya maganaɗisun da ruwan iskar heliyam, mai sanyin kusan digiri 269 ƙasa da sifili, ga buƙatar wutar lantarki marar yankewa.

Shi ya sa nake ganin ci gaban da zai amfane mu yana wajen ƙananan na'urori. A shekarar 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Swoop, mai ƙarfin tesla 0.064. Ana tura ta kan tayoyi har bakin gadon mara lafiya, a jona ta da wutar bango, ba ruwanta da heliyam. Kai kaɗai take ɗauka, kuma hotonta bai kai na babbar fitowa ba. Duk da haka an duba ƙwaƙwalwar yara da ita a Malawi. Ga yaro mai ruwa a kai ko dattijon da shanyewar ɓarin jiki ta kama, da babu gara ba daɗi. Irinta ya kamata mu nemi hukumomi su kawo asibitocin Jigawa.

Allurar gadolinium da ake yi wa wasu don hoto ya fito sarai ita ma ana gyara ta. A 2022 aka amince da gadopiclenol, mai ɗauke da rabin gadolinium ɗin da aka saba bayarwa.

Kafin waɗannan su iso, kada ka ajiye takardar. Koma wa likita ku nemi mafita tare. Ranar hoto kuma, faɗi gaskiya idan akwai ciwon ƙoda, ko juna biyu, ko ƙarfe a jiki, ko na'urar daidaita bugun zuciya, domin maganaɗisun yana jan ƙarfe da ƙarfin gaske.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.