Dillali ba ya raba gonar gado

A Malisa da sauran garuruwan ƙasar Gwandu, har zuwa Kalgo, an daɗe da karɓar ra'ayin cewa kai maganar gonar gado gaban alƙali yanke zumunci ne, don haka magajin da ya gaji da tarayya gara ya nemi dillali ya sayar masa da rabonsa a ɓoye. Wannan ra'ayi ya fi kotu ɓata zumunci, kuma yana jawo asarar dukiya.

Asalin matsalar ita ce noman karɓa-karɓa, wanda malaman mazhabar Malikiyya ke kira muhaya'a, wato magada su bar fadama ba a raba ba, wannan ya noma shinkafa bana, wancan ya dasa albasa baɗi. Tsarin yana tafiya muddin magadan kaɗan ne, amma da zarar jikoki sun shigo, sai layin ya yi tsawo, taki da gyaran rijiya su zama abin gardama, wanda ke zaune a Birnin Kebbi ko Legas kuma ya riƙa biyan ɗawainiyar gonar da ba ya cin amfaninta. A nan dillali yake shigowa da alkawarin cewa ya san mai saye, ya san masu sa hannu, a ba shi kafin alƙalami kawai.

Abin da ba ya faɗa shi ne shufa'a, haƙƙin da shari'a ta ba abokin tarayya a dukiyar da ba a raba ba na ya karɓe rabon da aka sayar wa bare, ya biya kuɗin da aka saya, kuma a Malikiyya haƙƙin wanda yake gari yana nan har shekara guda. Ga kuma dokar ƙasa ta 1978, wadda ta hana sauya mai riƙe da filin karkara ba tare da amincewar ƙaramar hukuma ba. Cinikin ɓoye saboda haka yana iya warwarewa, la'ada ta riga ta shige aljihu, 'yan'uwa kuma sun ji labari daga bakin baƙo, abin da ya fi sammaci ciwo.



Tun da Jami'ar Tarayya ta zauna a kan hanyar Kalgo, filaye sun yi daraja, masu zawarcinsu sun ƙaru. Don haka mai son fita daga tarayya ya fara tallata wa 'yan'uwansa rabonsa a gaban hakimi da shaidu. Idan sun ƙi, ya nemi kotun shari'a ta raba, a kafa iyaka, a rubuta takarda, sannan ya sayar wa wanda ya ga dama.