Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Muhallin Talakawan Bakin Kogin Haɗejiya

Zuwa ga Mai Girma Gwamnan Jihar Jigawa, Malam Umar Namadi, da Mai Martaba Sarkin Haɗejiya, Alhaji Adamu Abubakar Maje, da shugabannin ƙananan hukumomi takwas na wannan masarauta.

Ina neman izini in gabatar da 'yar nasiha game da al'amarin da ya daɗe yana hana ni barci, wato muhallin talakawan da ke zaune a gefen kogi, tun daga Auyo da Kafin Hausa har Kirikasamma da Guri, waɗanda damina ta zame musu ni'ima da fargaba a lokaci guda.

Ba sai na ba ku labarin ambaliyar 2022 ba, domin kun gan ta da idanunku, kamar yadda kuka ga ta 2018 da ta 2020, kun kuma ga samarin Haɗejiya suna kwana a bakin jinga suna ɗura yashi a buhuna don kada ruwa ya ci garin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne abin da ya biyo baya, sa'ad da ruwa ya janye, aka raba shinkafa da tabarmi, iyalai suka bar azuzuwan makarantun da suka fake a ciki, kowane magidanci ya koma kangonsa ya kwaɓa ƙasa, ya tayar da ɗaki a gurbin da na jiya ya faɗi, ba tare da an ɗaga masa gindi ko da taƙi ɗaya ba. Babu mai musun ladar wancan tallafi, amma sadaka ce ta ranar musiba, ba ta hana musibar komowa.

Kogin kuwa ba na kakanninmu ba ne. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, aka bi ta da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina yankewa da rani kamar dā, kachalla ta samu wurin zama ta toshe hanyoyinsa, laka ta cike cikinsa, har ya zamana idan ya taso sai ya bar gadonsa ya nemi gonaki da gidaje. A cikin gari kuma mun cike kududdufan da magabata suka haƙa ƙasar gini daga cikinsu, waɗanda su ne matattarar ruwan sama, muka yanka su filaye.

A nan nake roƙon ku tsaya ku yi nazari, domin mutane da yawa sun ɗauka laifin ginin ƙasa ne, alhali kuwa ba haka ba ne. Maginanmu sun san maganin ruwan da ke zuwa daga sama, sun san indararo da makuba da yaɓen shekara-shekara. Abin da ke kayar da ɗakin tubali shi ne ruwan da ya kwana a gindin bango, ya jiƙa shi, ya narkar da shi daga ƙasa, har azara ta rasa abin dogaro ta rufto wa masu barci. Saboda haka maganin yana cikin harsashi: a ɗaga daɓen gida da ciko, a gina gindin bango da jan bulo ko dutse da siminti zuwa ƙugu, sa'an nan a ɗora tubali a bisa. Kuɗin wannan bai kusanci na gidan bulo da kwano ba, ga shi ɗakin ƙasa yana da sanyin da duk wanda ya yi bazara a Haɗejiya ya san ƙimarsa. Mutanen Bangaladash, waɗanda ruwa ya fi mu addaba, da irin wannan dabara ta ɗaga gindin gida suke tsare rayukansu.

Amma harsashi ba ya amfani a inda ruwa ke shanye tsayin mutum, kuma a nan ne hukuncin yake hannunku ba hannun Abuja ba, domin dokar filaye ta 1978 ta damƙa filayen birane ga gwamna, na karkara kuma ga ƙananan hukumomi. Sunan jiharmu ma tudu yake nufi. Ina ba da shawara a keɓe filaye a kan jigayi, a ba kowane magidanci da takardar mallaka, har da matan da mazansu suka rasu suka bar su da marayu, a kuma riga su zuwa da rijiya da makaranta da masallaci. Sharaɗi ɗaya ne ba ya karɓar sassauci, shi ne kusanci, domin manomin shinkafa da masunci ba za su rabu da fadama ba, kuma duk wanda aka kai nesa da abincinsa zai komo bakin ruwa kafin shekara ta zagayo.

Rukunin gidajen da gwamnati ke ginawa a manyan garuruwa alheri ne ga ma'aikaci mai albashin wata. Manomi kuwa da kaka yake ganin kuɗi, don haka a ba shi rancen kayan harsashi marar riba, ya riƙa biya bayan girbi, wanda ba shi da hali kuma a duba shi daga zakka da waƙafi, tun da tsare rai yana sahun gaba cikin manufofin shari'a.

Abin da nake roƙo a fara da shi ba ya bukatar kasafi mai nauyi. Hakimai da dagatai da bulamai sun san iyakar inda ruwa ya kai a kowane ƙauye, kuma shatinsa yakan daɗe a jikin bangon masallatai da makarantu. A tura ma'aikatan safiyo su bi su cikin wannan rani, su auna, su kafa alama, su rubuta, tun kafin yaɓe da fenti su shafe shaidar, kuma tun kafin hadarin farko ya haɗu a gabas.

Wassalam.

Naku mai biyayya,
Wani ɗan ƙasar Haɗejiya.